Yarinyar da Ake Nuna wa Baƙi

Jikata Barkono ta shiga makarantar nan ne da ƙafar ƙarfe, kuma in kun tambaye ni, ƙafar aka ɗauka, ita yarinyar rakiya ta yi. Shan inna ce ta taɓa mata ƙafar hagu tun tana goye, sai asibiti suka sa mata takalmin ƙarfe daga gwiwa har diddige. In tana tafe kana jin ta tun daga lungu, ƙwaras, ƙwaras. Barkono kuwa ni na laƙaba mata, don 'yar mitsitsiya ce, amma in ta buɗe baki sai ka nemi ruwa.

Makarantar tana ƙarshen layin masu walda, bayan gidan mai. Wasu masu zuciyar kirki ne suka kafa ta, suka rubuta a saman ƙofa da shuɗin fenti wai KOWA NAMU NE. Ɗan mai hali ya biya, ɗan talaka ya shiga kyauta. Ga masu salla, ga masu zuwa coci, ga 'ya'yan waɗanda yaƙi ya koro daga ƙasarsu, duk riga iri ɗaya, wando iri ɗaya. Ɗana, uban Barkono, tela ne, kuma shi ke ɗinka rabin kayan makarantar. Uwarta shara take yi a asibiti, tun asuba ta fita, shi ya sa kai yarinya da ɗauko ta ya zama nawa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi a baki ba: shekarun farko abin ya yi kyau. An zaunar da Barkono tsakanin 'yar likitan haƙori da wata 'yar gudun hijira da yara ke kira Shiru, don lokacin da ta zo ko gaisuwa ba ta iya ba. Barkono ta koya wa Shiru magana, ta fara da zagi, kamar yadda ya kamata. 'Yar likita ta riƙa ara mata littattafai masu hotuna. Yarinya ta dawo gida tana ba ni labarin ƙasar da ƙanƙara ke rufe ƙofar ɗaki, tana ƙirga mini da yaren su Shiru, tana gaya mini ranar da 'yan coci ba sa cin nama. Ta ce in ta girma magani za ta riƙa haɗawa a asibiti, farar riga, ta kori uwarta daga shara. Na ce to, ni ki fara haɗa mini na gwiwa.

A bakin ƙofar makarantar akwai benci ƙarƙashin bishiya, inda mu kakanni da 'yan aikin gidajen masu kuɗi muke jiran tashi. Ni komawa gida in dawo ya fi ƙarfin gwiwata, don haka nan nake wuni. A bencin nan na san cewa gashin Shugabar makarantar ba nata ba ne, kuma guda uku gare ta. A nan na san malamin lissafi, wanda muke kira Malam Alli don kullum kamar an tsamo shi daga buhun gari, matarsa ta yi yaji ta tafi da tukunyar gas. A nan kuma na gane yadda makarantar ke cin abinci.

Kuɗin 'ya'yan masu hali ba ya isa. Sauran daga baƙi yake zuwa, mutanen da ke saukowa daga manyan motoci da kyamara a wuya, su zagaya, su share hawaye, su tafi, daga baya su aiko. To duk ranar da mota ta tsaya, sai masinja ya bi aji-aji ya ɗebo yara, ɗaya daga kowane iri: fari ɗaya, baƙi ɗaya, mai kallabi, mai gicciye a wuya, ɗan hijira, ɗan mai kuɗi mai ƙoshi a kumatu. Mu 'yan benci haɗa miya muke kiran abin. A jera su a bakin ofis, su yi waƙa, su riƙe hannun juna, a ɗau hoto.

Masu kallabi suna da yawa, ana juya su. 'Yan hijira ma haka, yau wannan, gobe wancan. Ƙafar ƙarfe kuwa guda ɗaya ce tak a duk makarantar. Saboda haka ko wa aka canza, Barkono tana nan a tsakiya, a gaba, an ɗan naɗe mata wando don kada ƙarfen ya ɓuya.

Baƙi kuma da safe suke zuwa, kafin rana ta yi zafi, don suna da wani wurin da za su je su yi kuka kafin azahar. Lissafi shi ma da safe ake yinsa, wai lokacin kan yara bai ɗau zafi ba. Ba wanda ya zauna ya shirya wannan don mugunta. Haka dai abu biyu suka haɗu a kan jikata.

Da farko daɗi take ji. Ana ba ta alewa, ana shafa mata kai, wata baƙuwa har agogon roba ta ba ta. Sai da suka shiga shekarar ƙarshe ta ƙaramin sashe abin ya fito fili. A ƙarshen shekarar akwai jarrabawa, wanda ya ci ya haye babban sashe, wanda ya faɗi lissafi kuwa ba ya hayewa ko da ya haddace duk littattafan duniya. Barkono ta iya karatu, ta iya rubutu, a musu ko lauya ba zai kayar da ita ba. Lissafinta kuwa kamar tsohuwar tabarma, nan da rami, can da rami. Irin wanda ake ɗora lamba a kan lamba da layi a tsakani, ranar da aka fara shi tana waƙa a bakin ofis. Ranar da aka koya yadda ake haɗa biyu irinsa, tana riƙe da fure.

Ta ce mini, "Kaka, su Shiru za su haye su bar ni."

Na ce, "Da bakin nan naki? Ki zagi jarrabawar ta ba ki hanya mana."

Ba ta yi dariya ba. Barkono kuwa in ba ta rama magana ba, to abin ya kai inda ya kai.

Washegari na gyara ɗaurin kallabina na shiga ofishin Shugaba. Sanyin na'ura ya buge ni har cikin ƙashi. Bango duk hotuna, kuma duk inda na juya jikata ce ke kallona: ga ta da haƙoran gaba a fashe, ga ta sun fito, ga ta ta fara tsawo. Ko mu a gida ba mu da hotonta ko ɗaya. Ranar gashin mai lanƙwasa Shugaba ta saka.

Kada ku ce muguwar mace ce. An ce shekarar da kuɗi suka yanke, motarta ta sayar ta biya malamai, kuma na yarda, don na sha ganinta tana saukowa daga motar haya. Ta tashi ta ba ni kujera, ta kira ni Mama, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce in baƙi ba su ga abin da zai taɓa zuciyarsu ba, ko fitila ba za a kunna a makarantar ba, kuma yaran da ke karatu kyauta duk gida za su koma.

"Mama, Barkono ce zuciyar makarantar nan."

Na ce, "Ranki ya daɗe, zuciya ba ta zana jarrabawa. Kai ne ke zanawa, kuma nata kuna barinsa a bakin ofis."

Ta yi dariya har da riƙe hannuna, ta ce yanzu ta san inda yarinya ta gado baki. Ta yi alkawari Malam Alli zai riƙa zama da ita bayan an tashi. Ya kuwa zauna, na 'yan kwanaki. Amma mutumin da ba tukunyar gas a gidansa dole ya nemi ƙarin kuɗi a waje, da yamma gidajen masu hali yake bi yana koyar da 'ya'yansu. Zaman ya mutu ba wanda ya yi masa salla.

Wadda ta tsaya mata ita ce Shiru. Yarinyar nan lissafi kamar a cikinsa aka haife ta. Lokacin hutun tara sai su zauna bayan tankin ruwa, ta tsinke biredinta gida-gida tana nuna wa Barkono rabi da rabin rabi, in an gane a cinye. Ina hango su daga benci. Ya ɗan taimaka, amma tara gajera ce, kuma ramin da aka yi shekaru ana haƙawa ba biredi ɗaya ne zai cike shi ba.

Na sami ɗana a shago na ce ya je ya yi magana, shi ne uba. Ya ci gaba da taka keken ɗinki bai ɗago ba. Ya ce Inna, yarinya tana karatu kyauta, ɗinkin makarantar ne ke riƙe da shagon nan, da wane baki zai je ya ce kada a ɗauke ta hoto? Na ce da wanda kake cin abinci. Ya ce shi ɗin ne yake tsoron rasawa. Tun yana yaro haka yake, ko kaza ta shiga ɗakinsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta.

Da yarinya ta ga manya ba su da amfani, sai ta yanke tata shawarar. Ta gaya mini a hanya cewa daga yau in masinja ya zo ba za ta tashi ba. Na ce Allah ya nuna mini, kuma ranar da mota ta tsaya na bar bencina na lallaɓa bakin tagar ajinsu, don irin wannan ba a jin sa a bakin wani.

Masinja ya leƙo ya kira ta. Ta ce Malam bai gama ba. Ya sake kira. Ta ce ko kunnensa ne ke da ƙarfe? Aji ya fashe da dariya. Malam Alli ya tsaya da alli a hannu kamar an dasa shi. Masinja ya tafi, can sai ga ƙarar takalmin Shugaba, kuma ashe baƙin sun biyo ta a baya: wata doguwar mata mai kyamara da wani mai ƙaton agogo.

Na ce yau za a yi ta. Shugaba ta dubi Barkono, ta dubi baƙi. Matar nan kanta yana ja, ba a banza take riƙe da makaranta ba. Sai ta dafa ƙirji ta juya wajen baƙin.

"Kun gani da idonku. Ko don ku ba ta yarda ta bar darasi."

Doguwar ta ce wayyo, mai agogo ya fara tafi. Suka shigo ajin gaba ɗaya. Aka ce lambobin Malam sun yi ƙanana ba za su fito a hoto ba, ya goge ya rubuta manya. Aka ciro Barkono daga tsakiyar ƙawayenta aka kawo ta layin gaba, aka juya teburin don ƙafar ta fito waje. Aka tashi wannan, aka zaunar da wancan, don kala ta haɗu. Aka ce kowa ya ɗaga hannu kamar ya san amsa. Kafin su fita an buga ƙararrawa. Mai shara ta gaya mana a benci cewa ba a taɓa samun baƙin da suka aiko da alheri kamar waɗannan ba.

Shi ke nan sabuwar hanya ta samu. An daina haɗa miya a bakin ofis, sai a kwaso baƙi a kai su ajin yarinyar da ba ta barin darasi. Da can ita kaɗai ke rasa lissafi, yanzu aji guda ke rasawa. Yara suka sa mata suna Uwar Baƙi. Ɗan mai wankin mota, wanda shi ma kyauta yake karatu kuma ba mai koya masa a gida, ya tare ta a bakin famfo ya ce in ya faɗi ita ce. Ba ta zage shi ba. Ta dawo gida ta ƙi cin abinci.

Iyaye masu biya kuwa ba su iya shiru ba. Matar likitan haƙori ce ta ja gaba, ta zo da mota ta tare ƙofa, muryarta har layin masu walda. Ta ce ita ta kawo 'yarta nan ne don ta san kowane irin mutum, amma ba ta biya kuɗi don a mai da ita 'yar fim ba. A bakin benci ta wuce ni, ta gaishe ni da kyau, har da tambayar gwiwa. Daga ranar 'yarta ta daina kawo littattafai masu hotuna. Ba faɗa suka yi ba, an dai canza mata wurin zama.

Shugaba ta sake nemo dabara. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da ofis inda ake ajiye karyayyun kujeru. Aka share shi, aka yi masa fenti, aka kafa allo, aka jera tebura masu kyau waɗanda ba a taɓa zana musu komai ba. In mota ta tsaya, sai a ɗebo miyar a kai can, a yi darasin wasa. Aji na gaske ya huta, masu biya suka yi shiru. Sauran yaran ana juya su kamar da. Barkono tana layin gaba.

A allon ɗakin nan lissafi ɗaya ne aka rubuta da manyan lambobi, kuma ba a taɓa goge shi ba. Wata malamar ƙananan yara ce ke tsayawa ta yi tambaya, Barkono ta ɗaga hannu, ta tashi, ƙwaras, ƙwaras, ta je ta rubuta amsa, a yi tafi. Baƙi na fita a goge amsar a bar tambayar. Wannan lissafin ko daga barci ka tashe ta za ta ba ka shi. Ta ce mini kullum tana roƙon Allah ya sa shi ya fito a jarrabawa. Na ce amin, ina kallon gefe.

Bai fito ba.

Da sakamako ya fito aka aiko a zo da uba. Ɗana ya sa rigarsa ta zuwa biki, muka tafi mu uku. Shugaba ta taso ta rungume Barkono, kuma hawayenta na gaske ne, na duba. Ta ce karatu da rubutu ba wanda ya kama ƙafarta a ajin, amma lissafi bai kai ba. Ta ce a doka wanda bai haye ba sai ya nemi wata makarantar, don ba kujera, yara na layi a waje. Ɗana ya fara murza hularsa.

"Amma ban da Barkono," in ji ta. "Na yi magana da masu makaranta. Za ta maimaita shekarar, kyauta kamar kullum. Kuma tunda yawancin karatun ta riga ta san shi, bana za ta fi samun sarari ta taimaka mana da baƙi."

Ɗana ya zame daga kujera ya durƙusa yana godiya, Allah ya saka, Allah ya ƙara girma. Ni na buɗe baki, sai yarinya ta riga ni.

"Ranki ya daɗe, in na sake faɗuwa fa?"

Shugaba ta shafa mata kumatu. "Haba 'yata. Nan gidanki ne, ko shekara nawa."

Ta faɗe shi ne don ta kwantar mata da hankali. Na dubi fuskar jikata na ga ta fahimta sarai, ta fi ubanta fahimta. Na tashi na kama hannunta muka fita.

A waje muka tarar da Shiru a tsaye jikin bango. Ta haye, ita ce ma ta ɗaya, amma kuka take yi kamar ita ta faɗi. Ta ce za ta riƙa zuwa bayan tanki kullum, ko an hana. Barkono ta ce mata ta share fuska kada ta ɓata hoto, a babban sashe ma ana buƙatar 'yar hijira. Ban tsawata ba. Ɗan mai wankin mota ma na gan shi da ubansa suna fita, shi ba a yi magana da masu makaranta a kansa ba.

'Yan benci suka miƙo wuya suna jiran labari. Na ce musu gwiwa ce ta tashi, sai gobe. A hanya ba wanda ya yi magana sai ɗana, yana ta cewa an yi mana halacci, wani da tuni an kore shi. Muka biya shago don ya buɗe. Ya cire rigar biki ya rataye, ya zauna a keke, ya jawo wani wandon makaranta da ya bari rabi. Barkono ta ajiye jakarta a kan tarin yadi, ta tsaya tana kallon ƙafafunsa suna hawa suna sauka.

"Baba, ƙafa ɗaya tana iya taka keken nan?"

Ya dakata. Ya dube ni, na kau da kai ina kallon titi. Ya daɗe yana gyara zaren da ba abin da ya same shi.

"Tana iyawa," ya ce.

"To matsa."

Ya matsa mata.